Filin Tambaya da Amsa: Haɗa Karatun Lauya da na Kasuwanci a Jami'a

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan fitowar, duk daga Kaduna da kewayenta, duk kuma a kan batu guda. Malaman jami'a da lauyoyin da ke taya mu kula da wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Sheikh Gumi. Babban ɗana zai shiga ajin ƙarshe na sakandare. Shi lauya yake so ya zama, ni kuma so nake ya karanci kasuwanci ya riƙe min harka. An ce mini a ƙasashen waje ana haɗa biyun a digiri ɗaya. A nan gida fa? Daga wani Alhaji a Unguwar Sanusi.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Gaskiya aka gaya maka game da ƙasashen waje, amma tsarinmu daban ne. Hukumar JAMB kwas ɗaya take ba ɗalibi a jami'a ɗaya, digirin da zai fita da shi kuma sunan wannan kwas ɗin zai ɗauka. Saboda haka a nan gida maganar ita ce wanne zai fara, wanne kuma zai biyo baya. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda, amma ana cin ɗaya a ɗauki ɗaya.

Mu shawararmu ya fara da lauya. Dalili kuwa, aikin lauya ƙofa ɗaya gare shi, kasuwanci kuwa ƙofofinsa da yawa. Ba wanda zai tsaya gaban alƙali da rigar lauya sai ya yi digirin shari'a na LL.B a jami'ar da Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ta amince da ita, ya yi shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, ya ci jarrabawa, an rantsar da shi. Ilimin kasuwanci kuwa ana iya ɗora shi daga baya, ana ma iya samunsa da yamma mutum na aiki, ga shi kuma yaron nan a cikin shago ya tashi.

Ga lissafin shekarun. Idan ya fara da lauya, shekara 5 ne a jami'a, 1 a makarantar lauyoyi, 1 bautar ƙasa. Bakwai ke nan. Daga nan sai babbar difuloma ta sarrafa kasuwanci, wadda yawancin jami'o'i ke nema daga wanda digirinsa na farko ba na wannan fanni ba ne, kamar shekara guda, sannan babban digirin sarrafa kasuwanci, wato MBA, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A wannan lokacin yana aiki yana samun na kansa. Idan kuwa ya fara da kasuwanci, shekara 4 ne, bautar ƙasa 1, sannan ya sake sayen fom ɗin shiga kai tsaye ya faro lauya daga aji biyu, shekara 4, makarantar lauyoyi 1. Goma ke nan, kuma biyar na ƙarshe zama ne cikakke a aji, ba a haɗa su da aiki. Ba mu sa yajin aikin malamai a lissafin ba, kai ma ka san yadda yake ƙara tsawon hanya.

Abin da ya fi gaggawa shi ne takardun da zai rubuta a WAEC ko NECO. Nan ne 'yan ajin kasuwanci ke faɗawa rami ba su sani ba. Karatun lauya na buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, jami'o'i da yawa kuma na neman Lissafi. 'Yan ajin kasuwanci galibi ba sa ɗaukar Adabi, 'yan ajin fasaha kuma suna sakaci da Lissafi da Tattalin Arziki, waɗanda su ne ginshiƙin shiga kwas ɗin kasuwanci. Ka je makarantarsu da kanka kafin a rufe rajista, ka tabbata ya ɗauki Turanci, Adabi, Lissafi, Tattalin Arziki da Gwamnati. Da waɗannan biyar ƙofofin biyu a buɗe suke. Idan yana da sha'awar ɓangaren Shari'ar Musulunci, kamar yadda ake koyarwa a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, sai ya ƙara da darasin Addinin Musulunci ko Larabci, ya kuma duba ƙasidar JAMB ta shekarar don sharaɗin kowace jami'a.

Kada ka ɗauka digirin lauya babu kasuwanci a cikinsa. A aji biyu zai yi dokar kwantiragi, a aji uku dokar ciniki: saye da sayarwa, wakilci da dillanci, sayen kaya biya sannu-sannu. A aji huɗu dokar filaye, a aji biyar dokar kamfanoni. Ga darussan zaɓi irin su haraji, banki, inshora da ƙwadago. Abin da ba zai samu ba shi ne karanta littafin lissafin kamfani. Lauyoyi da yawa za su rubuta maka yarjejeniyar sayen kamfani mai shafi arba'in, amma ka miƙa musu rahoton kuɗin kamfanin su kasa gane ko riba ake ci ko bashi ya yi katutu. Wannan giɓin ana iya cike shi tun yana ɗalibi, domin jarrabawar ATS ta cibiyar akantoci ta ICAN da sakamakon sakandare ake fara ta. Bayan digiri kuma akwai cibiyar ICSAN ga mai son zama sakataren kamfani, da cibiyar CITN ga mai son harkar haraji.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai tsaye, Alhaji, gara ka ji shi yanzu. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana lauyan da ke aikin lauyanci ya riƙa saye da sayar da kaya da kansa, ko ya zama ɗan kamasho. Sun dai yarda ya mallaki hannun jari, ya zama daraktan da ba ya tafiyar da harkar yau da kullum, ko sakataren kamfani. Wato ba zai yi safiya a kotu ya yi la'asar yana auna yadi ba. Idan ka mayar da harkarka kamfani mai rajista a hukumar CAC, zai iya zama cikin daraktoci, ya kula da takardu, haya, haraji da bin bashi, wani cikin ƙannensa ya riƙe shago.

Tambaya: Na sami gurbi a wata jami'a a Ostireliya, digiri biyu a haɗe, kasuwanci da shari'a, an kuma rubuta Hons a ƙarshen sunan. Wani abokina kuma zai tafi Ingila ya yi kwas mai kama da wannan. Mene ne wannan Hons ɗin, kuma in mun dawo za mu iya aikin lauya a Najeriya? Daga wani matashi a Barnawa.

Amsa: Samari, muna taya ka murna. A Ostireliya irin wannan haɗin abu ne da aka saba. Yakan ɗauki shekara biyar zuwa biyar da rabi, a ƙarshe a ba ka digiri biyu. Yadda suke rage shekarun shi ne, darussan zaɓi na wannan digiri ana cike su da darussan dole na wancan. Ribarsa lokaci, hasararsa kuma ba ka da sararin zaɓen darussa da yawa, ga nauyin karatu, domin a mako guda za ka haɗa lissafin kuɗi da karanta hukunce-hukunce masu tsawo.

Kalmar Hons ba ma'ana ɗaya take da ita ko'ina ba. A Najeriya da Ingila tana nufin digiri mai darajoji, na ɗaya, na biyu babba da ƙarami, da na uku. A Ostireliya mataki ne sama da digirin gama-gari, kuma bincike ne ruhinsa: ko dai a saka shi cikin shekarun digirin, ko a ƙara shekara guda ta musamman a ƙarƙashin malami mai duba aiki. Wasu jami'o'in sai makinka ya kai wani matsayi za su bar ka ka rubuta babban binciken. Ka tambaye su a rubuce wanne ne naka.

Game da dawowa gida, duk wanda ya karanta shari'a a waje sai ya fara yin kashin farko na makarantar lauyoyi, inda ake koyar da tsarin shari'ar Najeriya, tsarin mulki, dokar filaye da dokar manyan laifuka, kafin ya haɗu da 'yan gida a kashi na biyu. Kafin a karɓe shi ana duba takardar makinsa darasi-darasi. Ana neman kwantiragi, ɓarna da diyya, manyan laifuka, tsarin mulki, filaye, amana da adalci, dokar ciniki, da dokar ba da shaida. A Ingila, inda digirin shekara uku ne, dokar shaida da dokar ciniki sau da yawa darussan zaɓi ne, ɗalibi zai iya gamawa bai taɓa su ba. Ka gaya wa abokinka ya ɗauke su. Ya kuma dubi sunan digirin da kyau, don akwai bambanci tsakanin LL.B da aka yi wa ƙarin kasuwanci, da BA na kasuwanci da aka yayyafa masa shari'a. Na biyun ba ya kai mutum ga rigar lauya. Kafin a biya kuɗin makaranta, ku rubuta wa Majalisar Kula da Ilimin Shari'a, hedikwatar makarantar tana Bwari, ku tambayi matsayin jami'ar da kwas ɗin. Haka nan ku yi hattara da digirin da ake yi ta intanet daga nesa ko na wucin-gadi, majalisar ta daɗe ba ta yarda da irinsa.

Tambaya: Ina aji huɗu a tsangayar shari'a, baɗi zan rubuta furojet, wato binciken kammala digiri. Ina son maudu'in da ya haɗa shari'a da kasuwanci, amma duk wanda na kai wa malamai sai su ce ya yi faɗi ko an sha yin sa. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, a tsarin Najeriya furojet shi ne wuri guda da aka bar miki ki haɗa fannonin biyu yadda kike so, don haka kin yi tunani mai kyau da kika fara tun yanzu.

Malamanki na da gaskiya. Maudu'i irin “Nazari a kan dokar kamfanoni a Najeriya” sunan littafi ne, ba tambayar bincike ba ce. Maudu'i mai kyau yana da sashe ɗaya na doka, da rukunin mutane ɗaya, da wuri ɗaya. Ga misali. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani mai zaman kansa shi kaɗai, a sashe na 18, ta kuma sa mafi ƙarancin jarin da za a fitar naira 100,000. Tambaya: shin 'yan kasuwar Sheikh Gumi sun bar rajistar sunan kasuwanci sun koma kamfani, in ba su koma ba me ya hana? Nan za ki tattauna ƙa'idar raba kamfani da mai shi, wadda ta samo asali daga shari'ar Salomon ta 1897 a Ingila, sannan ki gwada ta da abin da ke ƙasa, inda banki ke sa mai ƙaramin kamfani ya tsaya wa bashin da kansa, kariyar da doka ta ba shi ta zama ta takarda kawai.

Wani misalin, dokar 2017 da ta ba da damar jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, kamar injin niƙa, keken ɗinki ko dabbobi, tare da rajistar jingina da ke ƙarƙashin Babban Banki. Masu sana'a a Panteka sun san da ita? Ko ki ɗauki haƙƙin ma'aikata idan kamfani ya durƙushe, ki dubi matsayinsu a layin masu bin bashi, ga tarihin masaƙun Kakuri a gabanki. Idan kina ɓangaren Shari'ar Musulunci, kwantiragin murabaha, wato sayar da kaya da ribar da aka bayyana wa mai saye, na jiran mai bincike: bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012, Kaduna na cikin rassansa uku na farko, don haka akwai abin dubawa na shekaru. Ki kwatanta sharuɗɗan fiƙihun Malikiyya da abin da ke rubuce a takardar da abokin ciniki ke sa wa hannu.

Sai hanyar bincike. Masu shari'a sun saba da binciken ɗakin karatu: doka, hukuncin kotu, sharhin masana. Masu kasuwanci sun saba da fita fili da takardar tambayoyi da alƙaluma. Idan za ki haɗa, dole ɗaya ya zama uwa ɗaya 'ya. Tunda digirinki na shari'a ne, nazarin doka shi ne uwa. Fitar fili ta zama babi ɗaya cikin biyar, hira da mutum 12 zuwa 15 ta wadatar. Kada ki yi alkawarin raba takarda 400, ba ki da lokacin, masu jarraba ki kuma ba a kan wannan za su ba ki maki ba. Ki nemi amincewar sufabaiza a kan wannan tsari tun a takardar shawarar bincike, don akwai malaman da ba sa son ganin teburin alƙaluma a furojet ɗin shari'a.

Yawanci babi na ɗaya ya ƙunshi matsala, tambayoyi, manufa, iyaka da bitar abin da aka rubuta. Na biyu ma'anoni da tarihi, na uku dokar kanta da hukunce-hukunce, na huɗu abin da kika gano, na biyar shawarwari. Ɗalibai kan kashe wata huɗu a babi na biyu suna kwafo tarihin kamfani tun zamanin Turawa, su rubuta na huɗu a mako guda, alhali shi ne kaɗai babin da yake nasu. Ki juya abin: na biyu gajere, na huɗu ki ba shi rabin lokacinki.

Kuskuren da ya fi kashe furojet a wannan fanni shi ne aiki da mushen doka. Dokokin kasuwanci sun sauya sosai a 'yan shekarun nan. Dokar bankuna ta 2020 ce, dokar sulhu da sasantawa ta 2023 ta maye gurbin ta 1988, dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta kawar da ta 2007, an kuma sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025. Littafin da aka buga kafin 2020 zai ba ki lambar sashe ta tsohuwar CAMA. Mai jarrabawa na ganin lambar ya san daga tsohon furojet aka kwaso. Ki sauke dokar kanta ki karanta sashen da idonki. Kowane hukunci kuma ki nemo shi a kundin hukunce-hukunce na NWLR ko LawPavilion, ki tabbata Kotun Ƙoli ba ta rushe shi ba. Wannan ya haɗa da duk shari'ar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ki, domin tana iya ƙago sunan shari'a da lambarta da shekararta, babu ko ɗaya a duniya. Ki kuma tuna cewa rikicin da ya shafi tafiyar da kamfani a ƙarƙashin CAMA hurumin Babbar Kotun Tarayya ne bisa sashe na 251 na tsarin mulkin 1999, na ƙwadago kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, saboda ki san inda za ki nemi hukunce-hukuncen.

Salon ambaton madogara ki tambayi tsangayarku tun farko. Tsangayoyin shari'a da yawa na bin salon ƙungiyar malaman shari'a ta NALT mai rubutu a ƙasan shafi, masu kasuwanci kuma salon APA. Gyara ambato ɗari biyu ana gobe miƙa aiki ba abin so ba ne.

Tambaya: Makina 3.40 ne a ƙarshen aji huɗu. Furojet zai iya kai ni daraja ta biyu babba? Daga wani ɗalibi a Kawo.

Amsa: Shi kaɗai ba zai iya ba. A ma'aunin maki 5, daraja ta biyu babba daga 3.50 take zuwa 4.49. A ce ka yi yunit 150 zuwa yanzu, jimillar makinka 510 ke nan. In saura yunit 36, kana buƙatar 651 gaba ɗaya, wato 141 a shekarar ƙarshe, kimanin 3.92. Furojet mai yunit 6 in ka ci A zai ba ka 30, in C ne 18. Bambancin 12 ne, yana motsa makin ƙarshe da kusan 0.06 kawai. Saboda haka B kake nema a kusan kowane darasi, A a furojet kuma ta rufe maka C ɗaya ko biyu. Ka sa ainihin yunit ɗinka ka sake lissafin.

Tambaya: Ni kasuwanci nake karantawa a nan Kaduna, aji huɗu. Furojet ɗina a kan tasirin rajistar CAC ga bunƙasar ƙananan sana'o'i ne. Na raba takardar tambayoyi 100 a kasuwa, 31 suka dawo, amsoshin kuma sun saɓa wa juna. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada.

Amsa: Malama, muna zargin kalma ɗaya ce ta rikita miki aiki, ita ce “rajista”. A bakin ɗan kasuwa rajista na iya nufin katin ƙungiyar kasuwa, ko takardar shago ta hukumar kasuwa, ko lambar haraji ta KADIRS, hukumar tara haraji ta jihar Kaduna, ko sunan kasuwanci a CAC, ko cikakken kamfani. “Kamfani” ma a kasuwa duk wata babbar harka ce, ko da takarda ko babu. A doka kuwa mai sunan kasuwanci shi da harkarsa abu ɗaya ne, in bashi ya hau ta har gidansa ana iya bi, kamfani kuma mutum ne daban a idon shari'a. In kin zuba su a kwando ɗaya, duk alƙaluman da manhajar lissafi ta SPSS za ta fitar ba su da ma'ana. Ki raba tambayar gida-gida, ki kuma roƙi a nuna miki takardar. Lambar da ta fara da BN sunan kasuwanci ne, mai RC kamfani ne.

Takardu kuma ba a barin su a shago a dawo ɗauka. Ɗan kasuwa na ganin baƙuwa da fom yana tuna mai karɓar haraji. Ki fara kai takardar gabatarwa daga sashenku ga shugaban ƙungiyar layin, ya haɗa ki da wani ya zaga da ke. Ki fassara tambayoyin zuwa Hausa, ki ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da su Turanci, inda ma'ana ta kauce ki gyara. Ki gwada da mutum 15 zuwa 20 tukuna. Ke za ki karanta tambayar ki cike amsar, cikin minti goma, a lokacin da ciniki ya lafa. Kada ki tambayi riba kai tsaye, ba mai gaya miki gaskiya. Ki tambayi yawan yaran shago bara da bana, yawan shaguna, ko yana da asusun banki da sunan harkar, ko ya taɓa samun bashin banki.

Adadin ma ki sake dubawa. In layukan da kika zaɓa na da 'yan kasuwa 2,000, ƙa'idar Taro Yamane ta fitar da adadin mutanen da za a tambaya, da kuskuren kashi 5 cikin 100, za ta ba ki 333. In ba za ki iya kaiwa nan ba, ki rage fagen zuwa layi ɗaya ko sana'a ɗaya, ki faɗi haka a babi na uku. Sannan ki sassauta kalmar “tasiri” a taken, domin mai yiwuwa ne waɗanda harkarsu ta riga ta girma su ne ke zuwa yin rajista, ba rajistar ce ta girmar da su ba. Ki ƙara tambaya guda: a wace shekara ya yi rajistar, kuma yara nawa ne a shagon a lokacin.